Katin Manyan Mutane

Ranar Talata, goma sha biyu ga watan Maris na shekarar 1996, mako uku bayan ƙaramar salla, da ƙarfe biyar saura kwata na yamma, a ƙofar gidan Mai unguwa Hodi da ke Badariya, aka fara zaluntata. Na faɗi ranar da lokacin ne don kada wani ya tashi gobe ya ce tsufa ya ruɗa ni. Sunana Abdussamadu. Shekara talatin da biyar na yi ina riƙe da alli, daga Augie zuwa Argungu zuwa nan Birnin Kebbi, ban taɓa rubuta sunan yaro a rajistar ajin da ba nasa ba. Dattawan unguwa nake rubuta wa wannan takarda, kuma wanda nake ƙara shi ne Riskuwa ɗan Malami, mai kiran kansa Dakta.

Ga asalin daktancin, don wanda bai sani ba. Ya taɓa yin gadi na wata uku a wani ɗakin shan magani a Augie, kuma rana ɗaya ma'aikacin wurin ya ce ya riƙe masa kwanon auduga. Ilimin ke nan gaba ɗayansa. Karatun boko kuwa ni ne shaida, domin na koyar da shi a aji uku har sau biyu.

A ranar Talatar nan Mai unguwa ya tara mu saboda sanƙarau da ya shigo ƙasa tare da zafin bazara. Malama Hamida, ma'aikaciyar lafiya da ke kula da ɓangarenmu, ta zo ta ce ranar Asabar za a yi wa unguwa rigakafi, kuma za ta haɗa da na jarirai da na mata tunda an taru.

Ta ce, "Rigakafi ba na yara ba na kaɗai. Jariri da nashi tun ranar haihuwa, na tarin huka da ɗigon shan inna, har zuwa na ƙyanda in ya kai wata tara. Mace mai ciki da nata, na sarƙewar haƙora, shi tsare ta shi tsare abin da za ta haihwa. Na sanƙarau kuwa kowa da kowa, daga mai shekara biyu har mai dogara sanda."

Nana mai fura, wadda taubashiyata ce kuma ta girme ni da shekara takwas, ta ɗaga murya daga gefen mata. "Ɗiyata, hwaɗa muna gaskiya. Ba shi kwantar da tsoho?"

"Inna, hannu shi ɗan yi nauyi, jiki shi ɗan yi ɗumi kwana ɗaya ko biyu, shi ke nan. Maganin ba shi da maƙiyi sai zahi. In yab bar sanyi, ya zan ruwa."

Sai ta fito da katuna iri uku. Kore na jarirai, fari na kowa da kowa, da ruwan hoda mai kauri, guda ashirin kacal, na masu juna biyu. Ta yi bayanin kowanne dalla-dalla. Ni na ji. Riskuwa bai ji ba, domin a lokacin ya juya wa Malama baya yana yi wa na bayansa bayanin abin da take nufi.

Ta ce tana son mutum guda mai hannun rubutu ya bi gidaje ya cika katunan. Duk wurin aka juyo aka dube ni. Ina gyara zama in amsa, sai na ga katunan a hannun Riskuwa.

Ya ce, "Ranka shi daɗe, wanga aikin likita na, ba na alli ba. Ku bar mani. Jiha sabuwa ta, shekararta ba ta cika biyar ba, ana neman unguwar da za ta yi suna. Ni Dakta na yi alkawali, kahin azahar ta Asabar, daga jaririn jiya har tsohon da yag ga zuwan Turawa, ba wanda za shi kwana ba huda. 'Yan rediyo za su zo. Manya za su zo. Sai an ji Badariya har Kamba!"

Na ce, "Riskuwa, in ka cika su ka kawo in duba."

Ya ce, "Malam, an tashi makaranta."

Aka yi dariya. Na haɗiye, saboda Mai unguwa yana zaune.

Daga Laraba zuwa Juma'a ya bi gidaje sanye da wata farar riga mai maɓallai da ya aro, ba a san a wurin wa ba, sai dai tana warin nama. Ya gaya wa tsofaffi allurar tana buɗe kunne. Ya gaya wa mata kada a ba jarirai nono tun asuba, don maganin ya samu wurin zama. Malama Hamida ta yini tana bin sawunsa tana warware abin da ya ƙulla. Ya aro kujeru sittin, ya kafa rumfa, ya ɗauko lasifika, ya kuma ɗauki Sunusi sankira, mai shelar biki da suna, ya ce shi zai kira sunaye.

Ranar Alhamis ya iso gidana. Ya zauna a zaure ba a ce ya zauna ba, ya ɗora kati a gwiwa, ya kare shi da hannu kamar yaro mai tsoron a kwafi amsarsa.

"Malam, ɗiya nawa Allah yab ba ka?"

"Goma sha ɗaya. Me ya haɗa 'ya'yana da sanƙarau?"

"Akwai gurbi. Mu a asibiti ba a barin gurbi ba lamba. Wata nawa rabonka da ganin likita?"

"Bakwai. Kawo katin in gani."

Ya cusa shi cikin jaka, ya kashe mini ido. "Naka na musamman na, Malam. Katin manya. Kai al lamba ɗaya, gaban Mai unguwa, gaban Liman. Ka ga ban manta da alherin aji uku ba."

Ina roƙon dattawa su lura da wannan wuri, domin nan ɓarnar take. Riskuwa ya dubi katuna ya ga fari da yawa, kore da yawa, ruwan hoda kuwa kaɗan ne, ga kauri, ga ado a gefe. Shi kuma abin da ya sani game da kati shi ne na ɗaurin aure, inda mai kyau na alhazai ne, na banza na sauran jama'a. Sai ya raba katin rigakafi bisa girma. Masu juna biyu ya ba su fari, ashirin ɗin nan ya rubuta mana su, mu dattawa.

Ranar Juma'a da yamma labari ya zo cewa maganin sanƙarau ya ƙare a ma'ajiyar cikin gari saboda yawan masu nema, amma akwai saura a Argungu, motar da za ta ɗauko kuwa ba mai. Riskuwa ya buga ƙirji ya ce ga babur ɗinsa. Malama Hamida ta dube shi, ta dubi babur, ta dubi sauran mazan unguwa ko wani zai yi magana. Ba wanda ke da mai a tanki. Ta rubuta takarda ta ba shi tare da akwatin sanyi.

Ta ce, "Kak ka buɗe shi. Kak ka tsaya ko'ina. Ka iso kahin rana ta take."

Ya ce, "Malama, kina koya ma kihi iyo."

Asabar da sassafe ya tafi, ya bar wa Sunusi jakar katuna. Ƙarfe takwas rumfa ta cika. Mu dattawa aka zaunar da mu a kujerun gaba. Na sa farar shaddata ta salla. 'Yan rediyo ba su zo ba, manya ba su zo ba, sai rana da ta zo da wuri.

Ƙarfe tara Malama ta ce kada a zauna haka, tunda na jarirai da na mata suna cikin ƙaramin akwatinta, a fara da masu juna biyu su samu su koma inuwa. Ta ce wa Sunusi ya fito da katunan ruwan hoda ya kira masu su. Ita kuma ta duƙa tana shirya allurai.

Sunusi ya hura lasifika sau biyu. Shekara talatin yana shelar suna, muryarsa ba ta san sirri ba.

"Jama'a a saurara! Masu juna biyu su matso kusa! Allah shi raba lahiya, Allah shi kawo masu albarka! Ta hwarko, lamba ɗaya..." Ya ɗan tsaya, ya kai katin kusa da ido. Wani mai hankali da nan zai yi shiru. Sankira ba ya shiru. "Malam Abdussamadu, tsohon hedimasta!"

Malama Hamida ta miƙe ta fizge katin, ta karanta don kanta, cikin mamaki, ba ta lura bakin lasifika na kusa da ita ba.

"Haihuwa goma sha ɗaya? Ciki wata bakwai?"

Har masallacin bakin hanya an ji. Na san haka domin ladan ya gaya mini.

Na miƙe tsaye na ce, "Wannan kuskure ne." Ba wanda ya ji ni. Mata sun kife kan juna. Wata mai goyo ta yi dariya har zaninta ya kwance. Liman ya sa hannun riga ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa. Mai unguwa ya miƙa hannu a hankali ya karɓe sauran katunan sha tara daga hannun Sunusi, ya duba na biyu, ya ga sunansa, ya zauna a kansu.

Nana ta taso da sandarta har gabana, ta dube ni daga hula zuwa takalmi.

"Audu, ashe haka? Kuma kab ɓoye muna? Ni ina ce tuwon shinkahwa na."

Na ce, "Nana, ki ji tsoron Allah."

"Zauna, zauna, tsayuwa ba ta yi ma mai wata bakwai kyau. Ku ba shi kujera mai hannu!"

Na zauna, amma ba don ta ce ba. Na zauna ne a teburin Malama, domin katuna ɗari uku da wani abu duk a hargitse suke. Akwai jariri ɗan kwana tara da aka ba farin kati aka rubuta masa shekara tara. Akwai tsoho mai jika da aka ba kore saboda gajere ne. Malama ta aika wurin aikinta aka kawo sababbin katuna, na zare alƙalamina, na sake rubuta su ɗaya bayan ɗaya, awa uku cur. Kowace mace ta zo karɓar nata sai ta durƙusa ta ce, "Malam, ya nauyin jiki?" An yi wa masu juna biyu goma sha huɗu allura, an ɗiga wa jarirai nasu, an yi wa masu wata tara na ƙyanda. Suka yi kukansu na minti ɗaya suka kama nono suka yi barci.

Azahar ta yi, ba Dakta. Muka yi salla muka dawo. Tsofaffi suka fara gyangyaɗi a kujera. Uwa, matar Riskuwa, ta leƙa hanya ta fi sau goma.

Wani ya ce mata, "Ko dai Dakta ya tsaya yi ma kihin Argungu rigakafi?"

Ta ce, "In ya dawo ku tambaye shi. Ni aurensa nika yi, ba tsaronsa ba."

Sai bayan la'asar muka ji hon tun daga kwanar titi. Ya shigo yana ɗaga hannu ɗaya kamar ɗan takara, akwatin sanyi ɗaure a baya, ƙudaje na rakiya. Ya kashe babur a tsakiyar rumfa.

"Ina 'yan rediyo? Sunusi, hura abinka! Dakta ya iso!"

Malama Hamida ta nufi akwatin. Ta kwance igiya, ta ɗaga murfi. Ta tsaya. Na kusa da ita suka leƙa, suka ja baya suna toshe hanci. Na taso na duba da idona, domin ba na rubuta abin da ban gani ba. Kifi ne, giwan ruwa, an datsa shi uku, kwance cikin ƙanƙara, kansa a sama, bakinsa a buɗe.

Ta ce, "Ina maganin?"

Ya yi murmushi, ya shafa aljihun farar rigarsa, ya shafa na wando. Kwalabe suka yi ƙara. "Ga shi nan lahiya lau. Ko ɗaya bai ɓace ba."

"A aljihu?"

"To ina? Malama, ki yi tunani. Na karɓi magani ƙarhe tara. Na biya bakin kasuwa nig ga wanga kihi, nic ce manyan baƙi za su zo, ba a barin su da yunwa. Rana kuwa kin gan ta. Kihi nama na, ruɓewa shika yi. Magani a kwalba shike, an toshe bakinai da roba. Kin taɓa jin kwalba ta ruɓe?"

Wasu daga cikin maza suka gyaɗa kai. Ina faɗin wannan da baƙin ciki, amma sun gyaɗa. Mutanen bakin gulbi ne, tun suna yara suka san cewa in akwai sanyi kifi ake ba.

Mai unguwa ya ce, "Ƙarhe tara kak karɓa, mi at tsai da kai har la'asar?"

"Ranka shi daɗe, na ratsa Gulma. Surukaina na can. Ba shi yiwuwa mutum shi taho aikin gwamnati da hwarar riga shi wuce ba su gani ba. Sunka ce sai na ci abinci. Sunka ce sai na yi musu bayanin sanƙarau."

Uwa ta ce daga cikin mata, "Baba yag gan ka da rigar mahauci?"

"Ke, ba da ke nike ba."

Malama ta sa ya zazzage aljihunsa a kan tebur. Ta ɗauki kwalba guda ta miƙa wa Mai unguwa. Ya taɓa ya ce kamar an ciro ta daga toka. Takardun jikin wasu sun jiƙe da gumi sun saɓule. Biyu sun fashe a aljihun baya, inda ya zauna a kansu tun daga Argungu.

Ta ce, "Ba ni sa ma ɗan kowa wanga."

Riskuwa ya daka tsalle. "Don mi? Guba yaz zama?"

"Ban san abin da yaz zama ba, shi ya sa. Awa bakwai shina gasuwa a jikinka. In nis sa ma mutum, shi tahi gida shina ganin ya tsira, alhali wataƙila ruwa nis sa mai. Gara shi san ba a yi mai ba, shi dawo."

"To a maida shi cikin ƙanƙara shi hwarhwaɗo!"

"In kihinka ya ruɓe, ƙanƙara na tashe shi?"

Mazan da suka gyaɗa kai ɗazu suka sake gyaɗawa, wannan karon a gefen Malama.

Nana ta ce, "Tun hantsi muna zaune, mun bar sana'a, ashe kihi munka zo tarba. A ba shi kati mana. Audu, rubuta mai, wane launi za a ba giwan ruwa?"

Jama'a suka fara tashi suna kaɗe riguna. Riskuwa ya ga aikinsa na watsewa, ya fizge lasifika daga hannun Sunusi.

"Jama'a kak ku tahi! Hassada ta! Ni da allura tun ba yau ba. An yi mani arba'in a Augie ina tsaye ina cin gyaɗa. Ku dubi kihin ga, ku hwaɗa mani in akwai wanda yat taɓa kawo ma unguwar ga irinai!"

Ya cusa hannu cikin akwatin ya cafko kan kifin ta baki don ya ɗaga a gani. Ashe akwai tsohuwar ƙugiya a ciki, irin wadda kifi ya tsinke da ita tun tuni, ta yi tsatsa. Ta shige tafin hannunsa. Ihun da ya yi ta lasifika ya fita. Ya yarfe hannu, kan kifi ya tashi sama ya sauka a cinyar Liman, shi kuma ya ja baya ya tunkuɗe babur, babur ya tunkuɗe sandar rumfa, gefe guda na rumfar ya sauko a kan kujerun manyan baƙi, waɗanda Allah ya taimaka ba kowa a kai.

Malama ta kama hannun, ta cire ƙugiyar, ta wanke ciwon, ta ɗaure. Sa'an nan ta buɗe ƙaramin akwatinta.

Ta ce, "Ƙarhe mai tsatsa na. Sai an yi maka ta sarƙewar haƙora. Naɗe hannun riga."

Ya dubi allurar. Na ga fuskarsa ta koma irin ta ranar jarrabawa.

"Wagga ba ta mata ba ta?"

"Ta duk wanda ƙarhe yas soka ta. Babba da yaro, mace da namiji. Naɗe."

"Ai mu ma'aikata ba a yi muna. Jininmu ya saba."

"Kai da anka yi ma arba'in kana cin gyaɗa?"

"Ran nan akwai gyaɗa."

Ya ce bari ya kama ruwa ya dawo. Ya taka uku a hankali, na huɗu ya zura da gudu. Bai yi nisa ba. Mata goma sha huɗun nan da aka yi wa irin allurar da safe, wasu cikinsu ya tsufa, su suka tare masa hanya, ba gudu ba hayaniya, suka jeru kawai. Uwa ta zo ta kama wuyan rigar mahaucin ta jawo shi har gaban tebur. Sunusi da ladan suka riƙe shi. Ya kira sunan mahaifiyarsa, wadda ta rasu tun zamanin jihar Sakkwato. Ya ce a bar shi ya yi wasiyya. Yana cikin faɗin wanda zai gaji babur, Malama ta ce, "An gama."

Ya buɗe ido ɗaya. "An gama mi?"

"Allura."

"Ban ji ba."

"To mi kaka ma kuka?"

A nan nake son dattawa su auna irin mutumin da aka zalunta. Malama ta ce in rubuta masa kati. Fari ya ƙare, kore ya ƙare, saura ruwan hoda guda shida a gabana. Jama'a suka gani. Nana ta ce, "Audu, Allah ya kawo maka. Rubuta mai wata tara!" Duk rumfa ta ɗauka, a rubuta, a rubuta. Alƙalami na hannuna. Na yagi takarda daga littafina, na ja layi da rula, na rubuta sunansa da ranar da irin allurar da dalilinta. Katin masu juna biyu na masu juna biyu ne. Ban ba namiji shi ba, ko da namijin Riskuwa ne.

Ranar Laraba mota ta samu mai, Malama ta je da kanta ta kawo wani maganin cikin sanyinsa. Ni na fara miƙa hannu. Ya yi mini nauyi kwana biyu, ranar ta uku na manta wane hannu ne. An yi wa Nana, an yi wa jikokina, an yi wa Liman, ba wanda ya kwanta. Kwana huɗun da muka yi muna jira kuwa, ciwo na yawo a gari, kowa ya san wanda ya jawo mana su, kuma Allah ne kaɗai ya tsare.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Mutumin da aka yi wa allurar nan a gaban jama'a, yana kiran uwarsa, yau yana yawo ana ce masa Dakta kamar da. Ya ma ƙara wa labarin gishiri: wai shi ya gano maganin ya lalace, wai ni na roƙe shi kati mai kyau. Ni kuwa da ba a yi mini allurar masu juna biyu ba, ni na gaji sunan. A masallaci in an sallame, na kusa da ni ya ce, "Malam, Allah shi raba lahiya." A kasuwa mai nama ya ƙara mini hanta wai tana ƙara jini. Na je Argungu ta'aziyya, wani tsohon ɗalibina, mai furfura yanzu, ya tashi ya ba ni kujerarsa ya kawo matashi. Na yi haƙuri wata biyu, ina cewa abin zai wuce. Shekaranjiya da safe na buɗe ƙofa na tarar da kayan itace har biyu a jingine da bango, da ƙullin kanwa a sama. Nana ce ta aiko, wai ta ƙirga, bakwai da biyu tara, a fara dafa ruwan wankan jego.

Nana taubashiyata ce, tsakanina da ita ba shari'a. Sunusi abin da aka ba shi ya karanta. Malama Hamida ta zo har gida ta ba ni haƙuri, alhali ba ita ta rubuta ba. Saura mutum guda, kuma har yau bai taka zaurena ba. Ko ya taka ma yanzu ba zan karɓa a zaure ba, domin ba a zaure aka yi mini ba.

Ina neman dattawa su sa Riskuwa ɗan Malami ya tsaya a ƙofar gidan Mai unguwa ranar Juma'a mai zuwa bayan an sauko, maza da mata suna nan, ba tare da farar riga ba. A ba shi lasifikar nan dai, a ƙure muryarta yadda aka ƙure ran nan. Ya faɗi wanda ya raba katuna bisa girma, ya faɗi wanda ya ba kifi sanyin magani. Sa'an nan ya juyo ya dube ni, ya ce, "Malam, na yi kuskure, ka yi haƙuri," ya kuma sanar da Badariya da bakinsa cewa Malam Abdussamadu ba shi da ciki, bai taɓa yi ba, kuma ba shi da niyya.